Yadda Za Ka Kulle Layinka, Wayarka da Sirrinka, Mataki-Mataki

Koke uku ne suka fi zo mini a 'yan watannin nan. Wani an ƙwace masa WhatsApp, ana ta roƙon kuɗi da sunansa a zaurukan 'yan uwa. Wata ta ci bashin manhaja, masu bashin suka bi lambobin da ke wayarta ɗaya bayan ɗaya suna cewa ɓarauniya ce. Wani kuma an fizge masa waya a adaidaita sahu, kafin ya isa gida an share abin da ke asusunsa. Kowannensu na ganin tasa daban ce, alhali ƙofa ɗaya aka bi aka shigar musu: layin waya, da duk abin da aka rataya a wuyansa.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, na gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Amma kundi ba ya saka wa kowa lambar sirri a sim. Wannan aikinka ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka tanadi wayar da cikakken caji, 'yar data, ƙaramin littafi da biro, da faffaɗan katin nan da aka ɓallo sim ɗinka daga jikinsa in yana nan. Ka ware kamar awa biyu. Matakai bakwai na farko ba sa cin komai sai data. Ka bi su a jere, domin kowanne yana tsaye ne a kan na gabansa. Sunayen wurare a cikin saitin suna ɗan bambanta tsakanin Tecno, Infinix, Itel da Samsung, don haka in ba ka ga abu ba, rubuta sunansa a wurin bincike da ke saman Settings.

1. Kulle fuskar wayar

Cire zane, saka lamba shida. Zane yana barin sawun yatsa a gilashi, kuma na kusa da kai a mota kallo ɗaya ya ishe shi ya haddace. Ban da shekarar haihuwa, ban da ƙarshen lambar wayarka, ban da 123456. Saita wayar ta kulle kanta bayan daƙiƙa 30.

Sai ka shiga wurin sanarwa, wato Notifications, ka hana a ga abin da saƙo ya ƙunsa muddin waya na kulle. Da yawa suna tsallake wannan, shi ya sa lambar da banki ya turo take bayyana ɓaro-ɓaro a fuskar wayar da ke ajiye a shagon mai caji.

Danna *#06#. Lambobi 15 a jere za su fito, su ne IMEI, wato lambar shaidar wayarka. Rubuta ta a littafi, ba a cikin wayar ba.

Gargaɗi: buɗewa da yatsa akwai sauƙi, amma ana iya ɗora yatsan mai barci, ana kuma iya kama hannun mutum da ƙarfi. In za ka shiga wurin da kake tsoron a karɓe wayar, kashe ta gaba ɗaya. Idan aka kunna, ba za ta karɓi yatsa ba sai lamba.

2. Saka wa sim lambar sirri

In aka ce in zaɓi mataki ɗaya tak a duk jagorar nan, wannan zan ɗauka. Mai ƙwacen waya na yanzu bai damu da kullen fuskarka ba. Zare sim ɗin yake yi ya saka a ƙaramar waya, ya danna *565*0# lambar BVN ɗinka ta fito, ya gwada lambobin tura kuɗi na bankuna har ya dace da naka. Duk lambar tabbatarwa da banki ko WhatsApp ko Facebook za su turo, hannunsa za ta faɗa. Wasu har bashi suke ci da sunan mai layin. Sim mai lambar sirri kuwa, da zarar an saka shi a wata waya, ko kira ba zai shiga ba.

Fara nemo PUK, lamba takwas da ke jikin faffaɗan katin sim, wadda ake buɗe sim da ita in ya kulle. In ka yar da katin, kira 300, lambar kula da masu hulɗa ta dukkan kamfanonin layi a Najeriya, ka nemi PUK ɗinka, ka kuma tambayi lambar sirrin da sim ɗinsu ke zuwa da ita daga kamfani. Rubuta duka biyun. Sannan ka shiga Settings, ka nemi SIM lock, ka kunna, ka saka lambar kamfanin, nan take kuma ka canza ta zuwa taka. Kashe wayar ka kunna don ka tabbata tana tambaya. Mai layi biyu ya yi wa kowanne nasa.

Gargaɗi: kada ka yi cinke. Kuskure uku, sim ya kulle sai da PUK. Kuskure goma a PUK, sim ya mutu, sai ka je ofishinsu a yi maka sabo. Kuma barin lambar kamfani ba tare da canzawa ba, kamar sayen kwaɗo ne a bar makulli a jiki.

Tun kana kan layin, yi abu uku. Danna *996# ka duba ko layin da NIN ɗinka yake haɗe. Layin da aka saya a bakin titi da rajistar wani, ranar da ya ɓace ba za a sake ba ka shi ba, kuma mai rajistar na iya zuwa ya karɓe shi da duk abin da ka ɗora a kai. Danna ##002# ka soke duk wata karkatar da kira da aka saka maka ba ka sani ba. Sannan ka tura STOP zuwa 2442 don a daina damun ka da saƙonnin talla.

Akwai kuma tsohon layi. Layin da aka daɗe ba a saka masa kati ko yin kira da shi ba, kamfani na iya yanke shi daga baya ya sayar wa wani. Idan har yanzu shi ne a bankinka, sabon mai layin ne zai riƙa ganin shigar kuɗinka da fitarsu. Ko ka riƙa raya layin, ko ka je banki ka canza lamba.

3. Imel ɗin da ke riƙe da wayar

A nan mutanenmu suka fi rauni. Ranar da aka sayi waya a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, yaron shago ne ke buɗe Gmail, shi ya zaɓi kalmar sirri, wani lokaci ma lambarsa ya saka a matsayin ta ceto. Mai wayar ko sunan imel ɗin bai sani ba. Alhali a cikinsa lambobin mutanenka suke, da hotunanka, da tarihin wuraren da ka je.

Shiga Settings, danna Google, ka shiga sarrafa asusu, ka je Security. Canza kalmar sirri zuwa doguwa. Kalmomin Hausa huɗu da ba su da alaƙa da juna, haɗe da lamba, sun fi gajeriyar kalma mai tarkacen alamomi ƙarfi, sun kuma fi sauƙin tunawa. Duba lambar ceto da imel ɗin ceto, in ba naka ba ne ka cire. Duba jerin wayoyin da asusun ke buɗe a kai, ka fitar da duk wadda ba ka gane ba. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan ka nemi Backup codes. Lambobi goma za a ba ka, kowacce sau ɗaya take aiki. Kwafe su a littafi.

Kafin ka fita, tabbatar Find My Device, wanda yanzu ake kira Find Hub, a kunne yake, domin da shi ake neman waya ko kulle ta daga nesa in ta ɓace. In wayarka tana da Theft protection, kunna duk abin da ke ciki.

Gargaɗi: kada ka ɗauki hoton lambobin ceton ka bar shi a wayar. Ranar da za ka buƙace su, wayar ce ba ta hannunka.

4. WhatsApp

Lamba iri biyu ce, kuma rashin bambance su ne ke jawo asara. Ta farko ita ce lamba shida da WhatsApp ke turowa ta saƙon tes idan ana son buɗe asusunka a sabuwar waya. Ta biyu ita ce wadda kai za ka ƙirƙira da kanka.

Shiga Settings, Account, Two-step verification, ka ƙirƙiri ta biyun, ka saka imel ɗin da ka gyara a mataki na 3. Sai ka duba Linked devices. Duk kwamfuta ko wayar da ka gani a nan, tana karanta hirarka kamar yadda kake karantawa. Minti ɗaya ya ishi wanda ya ari wayarka "zai yi kira" ya haɗa ta da tasa. Fitar da duk abin da ba kai ka haɗa ba, ka kuma riƙa leƙawa duk mako.

A ƙarƙashin Privacy, mayar da hoton fuska da lokacin da ka leƙo zuwa ga waɗanda ka adana lambarsu kawai. Haka ma wurin Groups, don kada kowane baƙo ya jefa ka zauren da ba ka san kansa ba. Hirar WhatsApp a kulle take tsakanin mai turawa da mai karɓa, amma kwafin da ake ajiyewa a Google Drive ba ya samun wannan kullen sai ka kunna End-to-end encrypted backup. In ka kunna, rubuta kalmar sirrinsa, domin ko kamfanin ba zai iya dawo maka da ita ba.

Ga yadda damfarar ke zuwa. Wani zai kira da ladabi, ya ambaci sunan zauren da kake ciki da gaske, na tsofaffin ɗalibai ko na ƙungiyar masallaci ko na tallafi, ya ce za a yi taro ta intanet da yamma, an turo maka lambar shiga, ka karanto masa. Ni kaina an kira ni haka, mutumin har sunan shugaban zaurenmu ya sani, domin ya riga ya ƙwace asusun ɗaya daga cikinmu yana karanta komai. Babu taron da ake shiga da lambar da WhatsApp ya turo. Wani salon kuma, a ce ka danna wata lamba mai farawa da alamar tauraro don karɓar kyauta. Kiranka za ka karkatar zuwa wayarsu, su kuma su nemi WhatsApp ya faɗi lambar ta hanyar kira.

Gargaɗi: GB WhatsApp da 'yan uwansa ba na kamfanin ba ne. Don ka ga saƙon da aka goge, ka miƙa duk hirarka ga wanda ba ka san ko waye ba, kuma ana iya rufe maka lamba a kansa. Goge shi, ka sauke na asali daga Play Store.

5. Facebook, TikTok, Instagram da X

Aiki ɗaya ne a dukkansu: kalmar sirri daban ga kowanne, tabbatarwa mai mataki biyu, duba wuraren da asusun ke buɗe, ɓoye lambar waya da ranar haihuwa. Saƙon da ya ce za a rufe shafinka in ba ka danna wani mahaɗi ba, tarko ne. Hoton tafiya kuma, a saka shi bayan an sauka lafiya. Mai bin hanyar Birnin Gwari ko Funtuwa ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalili.

6. Duba izinin da ka ba manhajoji

Nemi Permission manager a Settings. Bi su ɗaya-ɗaya: lambobin mutane, saƙonni, kyamara, makirfo, wurin da kake, hotuna. Tambaya ɗaya za ka riƙa yi: me wannan manhaja za ta yi da wannan? Tocila ba ta da hulɗa da lambobin mutanenka. Sai ka duba Accessibility da Device admin apps, domin nan manhajojin leƙen asiri ke laɓewa. Abin da ba ka gane ba, kashe shi, ka goge.

Manhajojin bashi su ne suka fi ɓarna ta wannan ƙofa. Ba jingina suke nema ba, mutuncinka ne jinginar. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta wajabta musu rajista, tana kuma wallafa jerin waɗanda ta amince da su a shafinta. Daga ƙarshen Mayun 2023 Google ma ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobin mutane da hotuna. Shi ya sa miyagun cikinsu suka koma turo mahaɗi ta saƙo, a sauke su ta bayan fage. Duk manhajar bashin da ta zo ta wannan hanya, ko ta nemi ganin lambobinka, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Gargaɗi: in sun riga sun fara tozarta ka, kada ka yi gaggawar goge manhajar da saƙonninsu. Fara ɗaukar hoton komai: sunan manhajar, adadin da ka karɓa, wanda suke nema, lambobin da suke kira da su, da saƙonnin da suka tura wa mutanenka. Bayan haka ka cire izini. Bashin da ka ci yana nan a kanka, amma bin sa bai ba su damar ɓata maka suna ba. Hujjojin nan su za ka yi aiki da su a mataki na 11.

7. NIN, BVN da takardu

Banki ba ya kira ya tambayi lambar katin cirar kuɗi, ko lamba ukun da ke bayansa, ko lambar da ya turo maka. Ko da mai kiran ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka, wannan ba shaida ba ce, irin bayanan nan sun daɗe da yawo. Kashe wayar, ka je reshe da ƙafarka.

In za ka ba da kwafin takardar NIN, rubuta a kan kwafin da biro dalilin bayarwa da kwanan wata, ta yadda ba za a kai shi wani wuri a yi amfani da shi ba. A shagon intanet, wato kafe, wurin rajistar JAMB ko neman aiki, ka tsaya a goge takardunka daga kwamfuta, ka kuma fita daga imel ɗinka da hannunka. A wurin mai POS, kai za ka danna lambarka, ka rufe da ɗaya hannun, kati kuma kada ya bar idonka. Masu yawo unguwa suna karɓar NIN da BVN da hoton fuska da sunan tallafi, suna ba da 'yan kuɗi, asusu ake buɗewa da sunan mutum a riƙa karɓar kuɗin damfara ko na fansa. Ranar bincike, sunan da ke kan asusun za a nema.

8. Gyara, turi da sayarwa

Kafin ka miƙa wa mai gyara, cire sim da memori. Canza gilashi ko wurin caji ba ya buƙatar lambar buɗe waya, in zai gwada, ya gwada a gabanka. Wayoyin Samsung na baya-bayan nan suna da Maintenance mode da ke ɓoye komai. Wurin masu turin fina-finai kuma, kai musu memorin da babu komai a ciki.

In sayarwa za ka yi, kwashe abubuwanka, cire asusun Google, sannan ka yi Factory reset. Goge hotuna da hannu bai isa ba.

'Yan uwa mata, wannan ya fi shafar ku. Hoton da aka ce sau ɗaya ake kallo, ana ɗaukarsa da wata wayar. Idan wani ya riƙe hotonki yana barazana, kada ki biya, domin wanda aka biya yau gobe zai dawo. Kada kuma ki goge saƙonninsa. Adana su, ki sanar da wani babba da kika amince da shi, a kai ƙara. Shafin StopNCII.org yana taimaka wa manya su toshe yaɗuwar irin hoton a Facebook, Instagram da TikTok ba tare da hoton ya bar wayarsu ba. Na 'yan ƙasa da shekara 18 shi ne Take It Down.

9. In an sace wayar, ko an ƙwace WhatsApp

Kada ka yi kokawa da mai ƙwace, sun sha kashe mutane a kan wayar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba. Da zarar ka tsira, ari waya ka bi wannan jeri.

Banki tukuna. Bankuna da yawa suna da lambar rufe asusu da ake dannawa daga kowace waya, misali *966*911# na Zenith, *901*911# na Access, *894*911# na First Bank. Nemi ta bankinka yau, ka rubuta tare da lambar asusunka. Masu OPay, Moniepoint da PalmPay su ma su nemi hanyar rufe nasu tun yanzu.

Na biyu, layi. Kira kamfanin a toshe shi. Na uku, shiga android.com/find da imel ɗinka, ka kulle wayar, in ka fid da rai ka goge ta daga nesa. Na huɗu, canza kalmar sirrin imel da ta shafukanka. Na biyar, kai rahoto ofishin 'yan sanda da lambar IMEI, ka karɓi takarda. Na shida, je ofishin kamfanin layi da NIN ɗinka a dawo maka da lambarka. In ba ka da katin sim, ana iya neman takardar rantsuwa daga kotu. A nan ne za ka ɗan kashe kuɗi, kuma farashin ya danganta da gari.

Gargaɗi: ko taswira ta nuna maka gidan da wayar take, kada ka je da kanka ko da abokai.

In WhatsApp kaɗai aka ƙwace, layin yana hannunka, sake shigar da lambarka, ka karɓi lamba shida ta saƙo, ka saka. Nan take za a fitar da ɓarawon. Idan ya riga ya saka tasa lambar ta mataki biyu, sai ka jira kwana bakwai kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. Kafin nan, a sanar a duk zaurukan da kake ciki kada kowa ya tura kuɗi, shugabannin zaure kuma su cire lambar na ɗan lokaci. Masu cewa za su dawo maka da asusu in ka biya, damfara ce ta biyu a kan ta farko.

10. In jami'i ya ce ka buɗe wayarka, ko aka gayyace ka kan rubutu

A Oktoban 2020 Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya hana jami'ai binciken wayoyin mutane barkatai a kan hanya, rundunar kuma ta sha nanata hakan. Abin da ke takarda daban, abin da ke faruwa a shinge da dare daban. Shawarata, ka faɗa cikin ladabi: "Yallaɓai, ban amince a duba wayata ba, in akwai zargi mu je ofis." In aka matsa, kada ka ja da mai bindiga. Riƙe sunan da ke ƙirjinsa, lambar mota, wuri da lokaci, daga baya ka kai koke sashen karɓar ƙorafi na rundunar, wato CRU, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Rubutu ma yana kai mutum ɗaki. A Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan abin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, sai da aka yi ta surutu kafin a janye ƙarar. A watan ne kuma wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu masu barkwanci a TikTok su biyu bulala 20 da sharar kotu kan ɓata sunan gwamna. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka fi kama mutane da shi, an taƙaita shi a gyaran 2024, amma dokokin ɓata suna na jihohi suna nan. A Nijar ma, a 2024 an dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta intanet. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya ya ba ka 'yancin faɗin ra'ayi. Soki aiki, kawo hujja, ka adana hujjar a wani wuri ban da wayarka. Abin da aka turo maka ba ka tabbatar ba, kada ka tura gaba, domin "ni ma turo mini aka yi" ba ta cika fid da mutum ba.

In jami'an tsaro suka gayyace ka, kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka ƙi zuwa. Nemi a ba ka gayyatar a rubuce, ka sanar da iyali inda za ka, ka tafi da lauya. Marar hali ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wato Legal Aid Council, kyauta ce. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ka damar yin shiru har sai ka gana da lauya, ya kuma ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani.

Gargaɗi: kada ka sa hannu a bayanin da ba ka karanta ba, ko wanda aka rubuta da harshen da ba ka ji sosai. Nemi tafinta. In an karɓi wayarka a matsayin shaida, nemi a rubuta an karɓa.

11. Kai ƙara kan wanda ya yi wasa da bayananka

A Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba ka damar tambayar kowane kamfani, makaranta, asibiti ko banki abin da suka ajiye game da kai, da wanda suka ba, ka sa a gyara kuskure, ka nemi a goge, ka janye amincewarka, ka kuma hana a yi maka talla da bayananka. Kamfanin da aka yi wa kutse wajibi ne ya sanar da hukumar cikin awa 72 in abin na iya cutar da mutane. Tarar manyan kamfanoni tana kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ba a banza ake kai ƙara ba: a Yulin 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraron ƙorafi kuma ta tabbatar da ita a Afrilun 2025.

Fara da rubuta wa kamfanin ta imel, ba ta kira ba, domin kira ba ya barin shaida. Wasiƙar gajeriya ce: sunanka, abin da ya faru da kwanan wata, abin da kake so a yi, da ranar da kake jiran amsa. Ambaci sashe na 34 na dokar in neman bayani ko gogewa kake yi, na 35 in janye amincewa ne. Liƙa hotunan hujja, ka tabbata kwanan wata da lambar mai turowa sun fito a jikinsu. In mutanenka aka tura wa saƙon tozarci, su turo maka hoton yadda ya shigo wayarsu, ba su kwafo rubutun kawai ba.

Suka yi shiru ko suka yi maka yawo da hankali, sai ka ɗauki wasiƙar da hujjojin zuwa NDPC ta shafinta. Batun manhajar bashi, haɗa da FCCPC. Batun kamfanin layi, kira 622, layin ƙorafi na hukumar sadarwa ta NCC, kyauta ne, amma za su tambaye ka lambar ƙorafin da ka fara kai wa kamfanin, don haka ka karɓe ta. Batun kuɗin da aka cire a asusu, rubuta wa banki a ranar, ka karɓi lambar ƙorafi, in mako biyu ya wuce babu gamsasshiyar amsa ka tura wa sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Damfara da barazana kuma, cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta 'yan sanda ko EFCC. Mazauna Nijar hukumarsu ita ce HAPDP, na Gana kuma suna da tasu hukumar a ƙarƙashin dokar 2012.

Kai ƙorafi ga hukumomin nan ba a biyan ko kwabo. Kuɗi sai in ka zaɓi zuwa kotu neman diyya, wanda dokar 2023 ta ba ka dama, kuma nan sai da lauya. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya tura koke ɗaya mai shafi uku cike da ɓacin rai, babu kwanan wata, babu hoto, sannan ya canza waya hujjojin su bi tsohuwar. Tura wa kanka kwafin komai ta imel, ka buga muhimman a takarda, ka rubuta lambar ƙorafin a littafin nan da ke ɗauke da IMEI da PUK. In kwana 14 ya wuce ba ka ji komai ba, sake rubutawa a kan wasiƙar farko, ka ambaci lambar.